Kujera da Kuɗinta: Bashin da Ke Cinye Muryarmu a Zaurukan Duniya

Duk lokacin da Majalisar Dokokin ECOWAS ta buɗe zama a Abuja, titunan da ke kewaye da Cibiyar Taron Ƙasa da Ƙasa a Garki sukan cika maƙil. Motoci masu baƙin gilashi na shiga suna fita, 'yan majalisa na saukowa cikin babbar riga da kwat da kente, tafintoci na hanzarin kama ɗakunansu domin juya magana tsakanin Turanci da Faransanci da harshen Fotugal. Masu tasi da masu otal na yankin sun san lokacin, domin kasuwarsu ce ke buɗewa.

A wannan cibiya shugabannin Afirka suka taru a watan Yunin 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, suka sa hannu a kan yarjejeniyar Abuja da ta yi alkawarin haɗe tattalin arzikin nahiyar. A gefenta kuma majalisar ƙasashen Afirka ta Yamma take da mazauninta.

Tafiyar 'yan mintuna daga nan akwai Kasuwar Garki, inda ake sayar da janareta da wayar hannu da tukwanen da aka shigo da su daga Sin da Indiya da Turkiyya. Da wuya ka sami mai shago a cikinta da ya san cewa a farashin kayansa akwai ɗan abin da ke biyan waɗancan tafintoci da kujerun da 'yan majalisar ke zama a kai. Amma akwai shi. Kuma shekara da shekaru, kuɗin da aka karɓa da sunan ECOWAS ba ya isa hannunta cikakke, ba ya isa a kan lokaci.

Naira biyar a cikin dubu

Da aka kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, bisa jagorancin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo, kowace ƙasa ce ke ware kuɗin mamba daga baitulmalinta. Tsarin bai yi aiki ba. Ƙasashe suka riƙa tara bashi, ayyukan ƙungiyar suka riƙa tsayawa.

Saboda haka sabuwar yarjejeniyar da aka yi a Kwatano a 1993 ta kawo wata dabara: harajin al'umma. Duk kayan da aka shigo da su yankin daga ƙasar da ba mamba ba, za a cire rabin kashi 1 cikin 100 na ƙimarsu, wato naira 5 a kowace naira 1,000. Jami'an kwastam na kowace ƙasa su karɓa, a zuba a asusun ECOWAS da ke babban bankin ƙasar. Tsarin ya kankama sosai a 2003, kuma shi ne ke ɗauke da mafi yawan kasafin ƙungiyar.

Dabara ce mai kyau, har Tarayyar Afirka ta kwaikwaye ta daga baya. Kyawunta shi ne ba a jiran ministan kuɗi ya ga dama. Mai shigo da kaya ya biya a tashar Apapa, ya ɗora a kan farashi, ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Kasuwar Garki ya saya, mai saye na ƙarshe ya biya. Gwamnati mai ajiya ce kawai. Idan ta riƙe, amana ta riƙe.

Shekara 19

A taron shugabannin ECOWAS da aka yi a Abuja a tsakiyar Disambar 2024, shugaban hukumar ƙungiyar, Omar Alieu Touray ɗan ƙasar Gambiya, ya sanar da cewa Najeriya ta biya kimanin naira biliyan 85 da dala miliyan 54, harajin 2023 gaba ɗaya da na 2024 har zuwa watan Yuli. Ya ce wannan ne karon farko cikin shekara 19 da Najeriya ta biya ɗari bisa ɗari.

Jaridu suka yaba, kuma abin a yaba ne. Sai dai duk wanda ya saurara da kyau ya ji ɗaya ɓangaren maganar: kusan shekara ashirin ƙasar da ke da hedikwatar ƙungiyar da majalisarta da kotunta ba ta taɓa cika abin da ke kanta ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Idan farashin mai ya faɗi, duk kuɗin da ya shigo hannun gwamnati sai ya zama abin toshe ɓaraka. Biyan bashin cikin gida da na waje na cinye kaso mai tsoka na kuɗin shiga. Faɗuwar naira bayan Yunin 2023, daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a shekarar da ta biyo, ta ninka nauyin duk wani alkawari da aka ɗauka da dala. Ga kuma sakaci na ofis, inda takarda kan kwana tsakanin ma'aikatu uku ba wanda ya ɗauke ta a matsayin tasa.

Matsalar ta wuce ECOWAS. A Satumbar 2017 ministar kuɗi ta lokacin, Kemi Adeosun, ta bayyana cewa Najeriya mamba ce a ƙungiyoyin duniya 310, ana bin ta bashin da ya kai kimanin dala miliyan 120, kuma Majalisar Zartarwa ta amince a fice daga 90. An yi ta shiga ƙungiyoyi a lokacin da kuɗin mai ke ambaliya, shugabanni na yin alkawari a wuraren taro ba tare da an sa shi a kasafi ba. Wakilin Najeriya ne ke shan kunyar, ranar da ya nemi muƙami ko ya ɗaga hannu aka tuna masa cewa ƙasarsa ba ta biya ba.

Kujera 35 cikin 115

Masu kare Najeriya suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Ko da jinkirin, alƙaluman da aka gabatar wa majalisar ECOWAS sun nuna cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na harajin da aka tara daga 2003 zuwa 2019 daga Najeriya ya fito. Sama da rabin mutanen yankin 'yan Najeriya ne. Lokacin yaƙin Laberiya daga 1990 da na Saliyo bayansa, Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin rundunar ECOMOG, da biliyoyin daloli da rayukan sojojinta.

Me ta samu? A majalisar da ke Garki, tsarin rabon kujeru 115 da aka yi aiki da shi kafin 2025 ya ba ta 35, ya ba Gana 8, Kwaddibuwa 7, sauran kuma 6 ko 5. Kashi ɗaya cikin uku ma bai cika ba. A taron shugabanni, inda ake yanke hukunci na gaske, muryar shugaban Najeriya ɗaya ce kamar ta shugaban Gambiya. Shi ya sa ake yawan jin 'yan majalisar Najeriya suna ƙorafin cewa ƙasarsu na biya, wasu na cin muƙamai.

Ƙananan ƙasashe kuma suna kallon abin ta wata fuska. A wurinsu, daidaiton ƙuri'a shi ne dalilin zamansu a ƙungiyar. Da a ce yawan jama'a ko yawan kuɗi ke yanke hukunci, da ECOWAS ta zama reshen ma'aikatar harkokin wajen Najeriya. Wannan daidaito ne ya sa Mahamane Ousmane, mutumin Damagaram kuma tsohon shugaban Nijar, ya shugabanci majalisar daga 2006 zuwa 2011, ya kuma sa Mémounatou Ibrahima ta Togo ta zama mace ta farko a kujerar a 2024.

Ina ganin ƙananan sun fi gaskiya a nan. Babbar ƙasa tana da hanyoyin jan akala da yawa ko ba ta da rinjayen ƙuri'a. Abin da ke rage mata kwarjini shi ne ta zo tana wa'azin bin doka alhali ana bin ta bashi. Sashe na 77 na yarjejeniyar ƙungiyar ya tanadi hukunci ga mai saɓa alkawari, daga hana gabatar da ɗan takarar muƙami har zuwa dakatar da ƙuri'a. To wa zai zartar da shi a kan mai masauki?

Nijar ta fita, harajin bai fita ba

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Mutanen Jibiya da Maradi, Illela da Ƙonni, Maigatari da Damagaram su suka ji a jikinsu har zuwa Fabrairun 2024 da aka janye takunkumin. Kafin nan, ranar 28 ga Janairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa, kuma ficewar ta tabbata bayan shekara guda.

Kujeru 18 ke nan suka tafi daga zauren Garki, tare da harajin ƙasashe uku. Babban zargin da sojojin da ke mulkin ƙasashen uku suka yi shi ne ƙungiyar ta zama 'yar amshin shatan ƙasashen waje. Mutum na iya ƙin juyin mulki, kamar yadda nake ƙin sa, amma ya yarda cewa zargin ya sami masu saurare ne domin jama'a sun daɗe suna ganin tambarin Tarayyar Turai da na Jamus a jikin allunan ayyukan ECOWAS. Ita kanta sabuwar hedikwatar ƙungiyar da ke hanyar filin jirgin saman Abuja kyauta ce daga Sin.

A Maris na 2025 ƙawancen ƙasashen uku ya sanya nasa harajin a kan kayan waje domin ɗaukar nauyin kansa. Adadin kuwa rabin kashi 1 cikin 100, daidai da na ECOWAS. Ɗan kasuwar Maradi zai ci gaba da biya. Ko sabon mai ajiya zai fi tsohon riƙon amana, lokaci ne zai nuna.

Ƙasa da dala dubu bakwai

A Majalisar Ɗinkin Duniya dokar a rubuce take ƙarara. Sashe na 19 na kundinta ya ce ƙasar da bashinta ya kai kuɗin cikakkun shekaru biyu ba ta da ƙuri'a a Babban Zaure, sai fa idan zauren ya gamsu cewa abin ya fi ƙarfinta.

A Janairun 2021 Babban Sakatare António Guterres ya aika da sunayen ƙasashe goma da dokar ta hau kansu. Tara daga cikinsu na Afirka ne, kuma Nijar na ciki. Abin da ake buƙatar ta biya don ta tsira da ƙuri'arta bai kai dala 7,000 ba. A lokacin nan Nijar tana zaune a Kwamitin Sulhu, wa'adinta na 2020 zuwa 2021, tana magana da yawun Sahel gaba ɗaya.

Kuɗin da bai kai na tsohuwar mota ba, shi ya jefa sunan ƙasa a jerin masu bashi. Talauci ba ya bayyana wannan. Rashin wanda zai bi takarda ne.

A ƙarshen wannan shekarar, cikin Disamba, Nijar da Ireland suka gabatar da ƙudurin da ke danganta sauyin yanayi da tsaro, batun da duk wanda ya san Tafkin Chadi ya fahimta. Ƙasashe sama da 110 suka mara masa baya, 12 cikin mambobin kwamitin 15 suka amince. Rasha ta hau kujerar na-ƙi, magana ta mutu. Sashe na 19 kuwa bai taɓa Kwamitin Sulhu ba. Mai kujerar dindindin ko nawa ake bin sa, na-ƙinsa na nan daram.

Babban mai bashi

Ƙasar da aka fi bin bashi a Majalisar ita ce Amurka. Kasonta kashi 22 cikin 100 ne na kasafin yau da kullum, wanda ya kai kimanin dala biliyan 3.7 a 2025, Sin na biye da kusan kashi 20. Bashin Amurka ya wuce dala biliyan ɗaya, amma da yake kasonta babba ne, layin shekara biyu yana da nisa, kuma ta saba biyan abin da zai hana ta taka shi.

Hujjar 'yan majalisar Amurka tsohuwa ce. Ƙasashen Afirka 54 suna da fiye da rubu'in ƙuri'u 193, alhali abin da suke biya gaba ɗaya bai kai kashi 2 ba. Me zai sa masu biyan kaɗan su yanke yadda za a kashe kuɗin masu biyan da yawa? A 1985 majalisar Amurka ta yi barazanar rage kuɗi idan ba a auna ƙuri'ar kasafi da nauyin gudummawa ba. Ba a ba ta hakan ba, amma a 1986 aka amince a riƙa tsara kasafi ta hanyar yarjewar kowa, wanda a aikace ya ba manyan masu biya ikon tsayar da shi. A 2000 kuma aka rage kasonta daga 25 zuwa 22. Riƙe kuɗi ya saya mata abin da ƙuri'a ba ta ba ta ba.

An taɓa gwada dokar a kan manya. A 1964 Tarayyar Sobiyet da Faransa suka ƙi biyan kuɗin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Kongo, wadda sojojin Najeriya ke ciki, har Janar Aguiyi-Ironsi ya jagorance ta. Don kada a kai ga hana Sobiyet ƙuri'a, Babban Zaure ƙarƙashin Alex Quaison-Sackey na Gana ya kauce wa kaɗa ƙuri'a a zaman shekarar, har aka janye maganar a 1965. An gwammace kowa ya rasa ƙuri'a da a hukunta babba.

Hukumar UNESCO ce ta taɓa yin ta maza. Amurka ta daina biya a 2011 bayan an karɓi Falasɗinu, ta rasa ƙuri'arta a 2013, sai ta fice gaba ɗaya a ƙarshen 2018. Ta dawo a 2023, ta sake sanar da ficewa a 2025.

Idan manya suka riƙe hannu, a wajenmu abin ke fashewa. A 2025 Majalisar ta shiga rage ma'aikata da dakarun kiyaye zaman lafiya, kuma Hukumar Abinci ta Duniya, wadda ke rayuwa da gudummawar ganin dama, ta yi gargaɗin dakatar da tallafi ga mutum sama da miliyan ɗaya a arewa maso gabashin Najeriya.

Inda ake auna ƙuri'a da sikeli

A Asusun Ba da Lamuni na Duniya ba a ma ɓoye abin. Ƙuri'a na bin hannun jari. Amurka na da kimanin kashi 16 da rabi, kuma manyan hukunce-hukunce na buƙatar kashi 85, don haka ita kaɗai tana iya tsayar da su. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 7 ba, Najeriya wajen rabin kashi 1. Da aka raba tallafin dala biliyan 650 a Agustan 2021 bayan annobar korona, kimanin biliyan 33 ne ya zo Afirka. Kujera ta uku da aka ƙara wa ƙasashen kudu da Sahara a hukumar gudanarwa a Nuwambar 2024 ta ƙara bakin magana, ba ta ƙara nauyin ƙuri'a ba.

Amma sikelin nan yana iya rinjayowa wajenmu. A Bankin Raya Afirka Najeriya ce mafi girman hannun jari. Da Amurka ta matsa a sake binciken shugaban bankin na lokacin, Akinwumi Adesina, a 2020, Najeriya ta tsaya masa, kwamitin bincike ƙarƙashin Mary Robinson ya wanke shi, aka sake zaɓensa a watan Agusta. Haka ma rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi: a 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin dala miliyan 100, aka kuma amince kwamandan rundunar ya ci gaba da zama ɗan Najeriya. Duk inda muka sa kuɗinmu, an saurare mu.

Ladan kuturu

Tarayyar Afirka tun 2005 take neman kujerun dindindin biyu masu ikon na-ƙi, kuma buƙata ce ta adalci. A Satumbar 2024 Amurka ta ce ta yarda da kujerun biyu, amma ban da na-ƙi. Sai dai ƙungiyar da ke wannan nema tana zaune ne a ginin da Sin ta gina mata a Addis Ababa a 2012, kuma abokan hulɗa na waje ke biyan mafi yawan kuɗin shirye-shiryenta da ayyukan tsaronta. Da Tarayyar Turai ta rage alawus ɗin sojojin Afirka a Somaliya da kashi 20 a 2016, babu abin da aka iya yi sai ƙorafi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A Kigali, a Yulin 2016, shugabanni sun amince da harajin kashi 0.2 a kan kayan waje domin ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta. Ƙasashen da suka aiwatar ko rabin 55 ba su kai ba.

Gyaran Kwamitin Sulhu yana buƙatar yardar masu kujerun dindindin biyar, gyaran Asusun Lamuni yana buƙatar yardar Amurka. Ya kamata a ci gaba da matsa musu. Amma tura harajin al'umma a kan lokaci ba ya buƙatar yardar kowa a Washington ko Moscow. Najeriya, ƙasar da ta ba Babban Zaure shugabanni biyu, Joseph Garba a 1989 da Tijjani Muhammad-Bande a 2019, wadda 'yarta Amina Mohammed ke mataimakiyar Babban Sakatare tun 2017, ita ce ta janye jakadunta a Satumbar 2023 ta shafe shekara biyu ba ta maye gurbinsu ba, ana kafa hujja da rashin kuɗi.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Hukumar Kwastam da Babban Banki su riƙa buga abin da aka karɓa da sunan ECOWAS da abin da aka tura, duk wata uku. Ma'aikatar harkokin waje ta fitar da jerin ƙungiyoyin da muke ciki yanzu, da abin da ake bin mu a kowacce, da waɗanda aka fice daga cikinsu tun 2017. Kuɗin mamba na waɗanda muka zaɓi zama a cikinsu a riƙa cire shi tun farkon shekara. Wakilai 35 da Najeriya ke turawa Garki 'yan Majalisar Tarayya ne, masu ikon kiran minista ya yi bayani, kuma jagoransu, Sanata Barau Jibrin, shi ne mataimakin shugaban Majalisar Dattawa kuma mataimaki na farko ga shugabar majalisar ECOWAS. Yana zaune a zauren da ake bin bashin da kuma zauren da ake amincewa da kasafi, don haka a wurinsa ya dace a fara neman waɗannan alƙaluma.